Rigimar gonar gado da ta zama waƙa

Wasiƙu uku suka iso mini cikin watan nan, daga garuruwa dabam-dabam, duk a kan tsofaffin waƙoƙin Girkawa. Na haɗa su wuri guda na amsa.

TAMBAYA: Baba Malam, ni ɗaliba ce a aji biyu, sashen adabi. An ba mu aiki a kan wani mawaƙin Girka mai suna Hesiyod, wai shi ne kakan waƙar koyarwa a Turai. Na karanta fassarar waƙoƙinsa biyu. Ɗaya jerin sunaye ne kawai, wane ya haifi wane. Ɗayar kuma noma ce da faɗa da ɗan'uwa. Gaskiya ban ga abin burgewa ba. Sannan wata ƙawata ta ce wai waƙoƙinmu na wa'azi daga can suka samo asali. Haka ne?
Ɗaliba, daga Zariya.

AMSA: 'Yata, ki ajiye ta jerin sunayen tukuna, ki koma kan ta faɗan. Nan mutumin yake.

Hesiyod ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a wani ƙauye da ake kira Askara, a gindin dutsen Helikon da ke tsakiyar ƙasar Girka. Ba ɗan asalin garin ba ne. Shi da bakinsa ya ce mahaifinsa fatauci yake yi a jirgin ruwa daga birnin Kime, a gaɓar ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, talauci ya koro shi ya tsallako teku ya kama noma. Ɗan kuwa bai taɓa yafe wa garin ba. Ya ce da sanyi ba daɗi, da zafi wahala, babu lokacin da yake da kyau. Duk wanda aka haifa a ƙauyen da ba ya so amma bai iya barinsa ba, ya san wannan murya.

Da uban ya rasu aka raba gona tsakanin Hesiyod da ɗan'uwansa Fersis. In ji Hesiyod, Fersis ya bi ta bayan gida ya ga manyan gari masu yanke hukunci, ya kwashi fiye da rabonsa. Sunan da mawaƙin ya laƙaba wa manyan nan, in an juya shi da Hausa, shi ne maciya gaisuwa. Daga baya Fersis ya cinye abin da ya samu wajen zaman kashe wando da sauraren shari'ar mutane a dandali, ya dawo yana roƙon ɗan'uwan da ya cuta. Hesiyod ya ce ba zai ƙara auna masa ko ƙwaya ba. A maimakon hatsi sai ya ba shi waƙa mai ɗango 828, wadda sunanta ke nufin ayyuka da kwanaki. A ciki yana kiransa babban wawa, yana kuma koya masa yadda ake rayuwa.

Ina da shekara goma sha huɗu aka raba gonar kakanmu. Ina tsaye riƙe da igiyar awo, na ga yadda fadamar ta zame ta koma ɓangaren wani baffana bayan wani buhun gero ya kwana a wani zaure. Mahaifina bai kai ƙara ba. Amma shekara ashirin yana mana huɗuba a bakin kunya, kullum da sunan koya mana noma, kullum kuma da baffan nan yake. Ranar da na fara karanta Hesiyod, a wata tsohuwar fassara da na tsinta wajen masu gwanjon littattafai a Sabon Gari, sai na ji kamar tsohon ne ya koyi Girkanci. Wasu masana suna cewa ƙila Fersis ƙirƙirarsa aka yi don a sami wanda za a yi wa faɗa. Ni dai haushin da ke cikin waƙar bai yi mini kama da na aro ba.

Ki duba irin abin da yake faɗa masa. Wai kishi iri biyu ne a duniya. Akwai mai haddasa yaƙi, akwai kuma wanda ke tayar da malalaci daga barci in ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kyau: maginin tukwane na kishin maginin tukwane, kafinta na kishin kafinta, maroƙi na kishin maroƙi, mawaƙi na kishin mawaƙi. Ya ce ko da ɗan'uwanka za ka ƙulla ciniki, yi murmushi ka kira shaida. Ya ce in abu ya same ka, maƙwabci zai fito ko ɗamara bai ɗaura ba, dangi kuwa sai sun tsaya sun shirya. Ya ce rabi ya fi duka, wato ɗan abin da ka samu da gumi ya fi babban da ka ƙwata.

Ga manyan gari kuwa sai ya yi musu tatsuniya. Shaho ya cafki wata 'yar tsuntsuwa mai zaƙin murya ya yi sama da ita, tana kuka. Ya ce mata: ihun me kike yi? Wanda ya fi ki ƙarfi ne ya riƙe ki, in na ga dama in yi kalaci da ke, in na ga dama in sake ki. Nan labarin ya tsaya, babu wanda ya zo ceto. Sai dai ya gargaɗi alƙalan cewa akwai masu tsaro 30,000 da ke yawo a bayan ƙasa cikin hazo, ba a ganin su, suna lura da duk hukuncin da aka karkatar.

Wurin noman da ya gundure ki, ni nan na fi daɗewa. Ya ce ka nemi shanun huɗa biyu 'yan shekara tara, don sun wuce faɗa a tsakiyar kunya su karya maka garma. Ka ajiye garma biyu saboda ranar da ɗaya za ta karye. Mai riƙe garmar ya zama ɗan shekara arba'in, don saurayi hankalinsa na wajen abokansa, kunyarsa ba ta miƙewa. Da sanyi kada ka tsaya a maƙera inda marasa aikin yi ke taruwa jin ɗumi. Wannan ta ba ni dariya, don har gobe in hunturu ya kankama a garinmu, majalisa maƙera take komawa.

Kalandarsa a sama take. Taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, Larabawa su ce Surayya, su ne agogonsa. Sukan ɓuya kwana 40. In sun sake bayyana da asuba, wajen watan Mayu, ya ce a wasa lauje a fara girbi. In sun fara faɗuwa da asuba, wajen Nuwamba, a yi huɗa a shuka. Haka nan in an ji kukan wata tsuntsuwa 'yar'uwar gauraka tana wucewa ta sama, lokacin huɗa ya yi, kamar yadda zuwan shamuwa ke gaya mana damina ta ƙarato. Sai dai ki lura, ruwansu da sanyi yake sauka, alkama da sha'ir suke nomawa. Lokacin da yake cewa a yi girbi, mu muna duban gabas muna jiran ruwan shuka. Manomin Giwa ko Soba da ya bi Hesiyod ɗango-ɗango zai kwana da yunwa.

Me ya sa duk wannan a waƙe? A zamaninsa Girkawa ba su daɗe da aro haruffa daga Finikawa, mutanen gaɓar Lebanon ta yanzu, ba. Alfa da beta nasu 'yan'uwan alif da ba ne. Masu karatu kaɗan ne, abin rubutu da tsada. Ilimin da ake so ya wuce daga uba zuwa jika sai an ɗaure shi da kari, don kari shi ne rumbun da gara ba ta ci. Nasu karin ƙafa shida ne a kowane ɗango, babu amsa-amo, shi ne kuma wanda Homa, babban mawaƙin yaƙi na Girkawa, ya rera yaƙe-yaƙensa da shi. Bambancinsu, Homa ba ya faɗin kome game da kansa. Hesiyod kuwa ya faɗi sunansa, ya faɗi garinsu, har ya yi alfahari da cewa sau ɗaya tak ya taɓa shiga jirgin ruwa, ya haye zuwa Kalkis gasar waƙa, ya ciyo kaskon tagulla mai ƙafa uku. Duk da haka bai fasa ba Fersis shawara kan tuƙin jirgi ba. Malamai ke nan, ko'ina halinmu ɗaya.

Waɗanda suka biyo sawunsa suna da yawa. Wajen shekara 270 kafin haihuwar Annabi Isa, Aratus ya mayar da ilimin taurari da alamun ruwa waƙa. Ta yi farin jini har Sisero, ɗan siyasar Rum, ya juya ta zuwa Latin, Manzo Bulus na Kirista kuma ya ɗauko rabin ɗango daga cikinta lokacin da yake wa mutanen Atina jawabi, yana nan cikin Baibul, a Ayyukan Manzanni 17:28. Nikanda ya yi tasa a kan saran maciji da maganin dafi. A Rum, Lukiretiyus ya rera falsafar ƙwayar zarra cikin littafi shida, ya kuma faɗi dalilin yin haka a fili: likita in zai ba yaro magani mai ɗaci, dangin tazargade, yakan shafa zuma a bakin ƙoƙon. Birjil ya gama tasa waƙar noman a shekara ta 29 kafin haihuwar Annabi Isa, da gona da itatuwa da dabbobi da kiwon zuma, ya ce waƙar Askara yake rerawa a biranen Rum. Ta Birjil ta fi tsari da daɗin kunne nesa ba kusa ba. Amma in kina neman wanda kaushin garma ke tafin hannunsa, tsohon Askara ne.

Maganar ƙawarki kuma, a'a. Waƙarmu ta wa'azi da ta ilimi ta hanyar Larabci ta zo, daga irin su Alfiyyar Ibn Malik ta nahawu da Ibn Ashir da ake haddacewa a zaure, sannan Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Nana Asma'u suka shimfiɗa ta da Fulatanci da Hausa. Masu fassara na Bagadaza sun kwashi likitanci da lissafi da falsafar Girkawa, amma waƙoƙinsu ba su dame su ba. Babbar waƙar yaƙin Homa ma sai 1904 aka buga ta cikakkiya da Larabci a Alƙahira, fassarar Sulaiman al-Bustani. Kamannin da ke tsakaninsu na buƙata ne. Nana Asma'u ta ba jajis, malamanta mata masu yawo, waƙa su kai wa matan ƙauye don ta san baiti ya fi zube zama a ka. Hesiyod ma ya san haka, shekara fiye da 2,000 kafin ita, ba tare da ɗayansu ya san da ɗaya ba. In kika gina aikinki a kan wannan, kin sami abin rubutawa.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana karatu a Yamai, ya zo hutu da littafi cike da labarin allolin Girkawa, wannan ya haifi wancan, wancan ya haɗiye 'ya'yansa. Raina bai kwanta ba. Mene ne amfanin Musulmi ya karanta shirka irin wannan?
Wani magidanci, daga Maraɗi.

AMSA: Alhaji, damuwarka ta uba ce, ban raina ta ba. Hukunci na malaman fiƙihu ne. Ni abin da ke cikin littafin zan gaya maka, da abin da masu shi suka ce game da shi.

Abin da ke cikinsa ɗaya waƙar Hesiyod ce, mai ɗango 1,022, ta asalin alloli. Ya ce yana kiwon tumaki a dutsen Helikon sai wasu 'yan mata tara, waɗanda Girkawa ke ɗauka su ne ke ba mawaƙi baiwa, suka tare shi. Da zagi suka fara, suka ce makiyaya ba su san kome ba sai cikinsu. Sannan suka ce: mun iya faɗin ƙarya mai yawa mai kama da gaskiya, in mun so kuma mun iya faɗin gaskiya. Suka ba shi sanda, suka hura masa murya. Ka ga tun a bakin ƙofa mai waƙar ya sanar da kai irin kayan da ke ciki.

Farko wai wani wawakeken rami ne, Kawos. Sai Ƙasa, ta haifi Sama, suka haifi ƙatti da ake kira Titan. Sama ya danne 'ya'yansa a cikin uwarsu, autansu Koronos ya fiɗiye shi da lauje ya karɓe mulki. Shi kuma don tsoron kada a yi masa abin da ya yi wa ubansa, sai ya riƙa haɗiye nasa 'ya'yan. Da aka haifi Ziyus, wanda daga baya ya zama sarkin allolinsu, uwar ta naɗe dutse cikin zane ta miƙa masa ya haɗiye, aka ɓoye jaririn a tsibirin Kirit. Ya girma, aka shekara goma ana yaƙi, ya jefa Titan cikin wani kurkuku mai zurfin da in an saki uwar maƙera ta tagulla daga ƙasa sai ta kwana tara tana faɗuwa. Cire sunayen ka sake karantawa. Labarin gidan sarauta ne: uba na tsoron ɗa, uwa na ɓoye yarima, juyin mulki na bin juyin mulki.

Labarin ma ba nasu ne su kaɗai ba. A ƙarni na 20 an tono allunan laka a Hattusa, tsohon birnin Hittiyawa a Turkiyya, aka karanta labarin wani Kumarbi da ya yi wa allan sama irin wannan aika-aika, shi ma daga baya allan hadari ya ture shi. Allunan sun girmi Hesiyod da ɗaruruwan shekaru. Tatsuniya ma fatauci take yi.

Abin da zai ba ka mamaki, Girkawan da kansu sun riga ka ƙorafi. Herodotus, marubucin tarihinsu, ya ce Homa da Hesiyod ne suka tsara wa Girkawa salsalar allolinsu da laƙabobinsu. Zenofanis mai falsafa kuwa, tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce mawaƙan nan biyu sun jingina wa alloli duk abin kunya: sata, zina, yaudara. Ya ce Habashawa na cewa allolinsu baƙaƙe ne, mutanen Tarakiya na cewa nasu masu jan gashi ne, da dawaki na da hannun zane da allansu doki zai zama. Aflatun ya ce a birnin da yake mafarkin ginawa ba za a bar yara su ji labarin Koronos ba. Ɗanka in ya yi nisa a karatun zai tarar da waɗannan, kuma ba zai fahimci gardamarsu ba in bai san abin da suke ƙi ba.

Mu ma muna da irin wannan a gida. A zaure malamanmu na karantar da waƙoƙin Jahiliyya, da Imru'ul Ƙaisi da giyarsa da 'yan matansa, don a san Larabci. Ɗan Kano na jin labarin Barbushe da Tsumburbura, ba ya hawa Dala da baƙin bunsuru. Kuma sunayen nan sun riga sun shigo mana gida ba sallama. Tekun Atlantika daga Atlas ne, wanda waƙar ta ce yana ɗauke da sama a kansa. Jirgin Titanic da ya nutse a 1912 daga Titan ya samo suna. Takalmin Nike da samarinmu ke rububi a gwanjo, sunan allahiyar nasara ne, tana cikin jerin nan na Hesiyod. Ka sa yaron ya karanta maka shafi biyu bayan isha'i, ka ji da kunnenka, ka kuma ji abin da shi ya ɗauka a ciki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, kullum ina jin 'yan jarida na cewa wane ya buɗe akwatin Fandora. Wace ce ita, me ke cikin akwatin?
Wani tela, daga Zangon Kumasi.

AMSA: Maigida, babu akwati. Randa ce.

Hesiyod ya ba da labarin don ya bayyana wa Fersis dalilin da ya sa dole a yi gumi kafin a ci. Farometiyus, wani daga zuriyar Titan, ya saci wuta daga wurin Ziyus, ya ɓoye ta cikin wani kara mai ɓargo ya kawo wa mutane. Ziyus ya ce zai rama. Aka gina mace da laka, ita ce Fandora, kowane cikin alloli ya ba ta wani abu, wannan kyau, wannan saƙa, wannan iya zance da wayo. Aka aika da ita wurin ɗan'uwan Farometiyus, wanda sunansa ke nufin mai tunani bayan aiki, wato ɗan da-na-sani. An riga an gargaɗe shi kada ya karɓi kyautar Ziyus, ya karɓa. Ta ɗaga murfin wata babbar randa, irin wadda Girkawa ke ajiye hatsi da mai a ciki, wadda ƙato zai iya shiga ya zauna. Cututtuka da wahalhalu suka watsu cikin duniya, suna yawo dare da rana ba sa magana, don an cire musu murya. Abu ɗaya ya maƙale a ƙarƙashin leɓen randar kafin a rufe: sa rai.

Har yau masana na gardama, an ajiye mana shi ne don ya zama guzuri, ko kuwa shi ma cikin masifun yake? Ni na karkata ga cewa Hesiyod bai yarda da shi sosai ba, don can gaba ya yi tir da malalacin da ke zaune yana jiran tsammani rumbunsa ba kome. Tsammanin warabbuka ke nan, malam ya ƙi noma don zakka.

Inda ba na tare da tsohon shi ne yadda ya ɗora wa mata laifin duniya. A ɗaya waƙar har ya kwatanta su da ƙudan zuman da ba sa fita aiki, sai cin na wasu. Wanda ya ga uwarsa ta yi surfe da niƙa da ɗiban ruwa kafin rana ta fito ba zai sa hannu a wannan ba.

Akwatin kuwa aikin Irasmus ne, wani malamin Holan na ƙarni na 16. Yana juya labarin zuwa Latin sai ya sa kalmar ƙaramin akwati a gurbin kalmar randa, ƙila don a Girkanci sun yi kama a kunne. Masu zane suka ɗauka, suka riƙa zana budurwa riƙe da ɗan batta kamar na kayan kwalliya. Shekara 500 ke nan, ba wanda ya iya mayar da randar. Na taɓa gyara wa wani ɗan jarida a wurin ɗaurin aure, ya saurare ni da ladabi, ya ce ya gode. Da daddare na kunna rediyo na ji shi yana cewa gwamna ya buɗe akwatin Fandora.